Kai Ɗan Shekarar Wace Dabba Ce? Ƙirgen Sinawa Da Shekarun Kakata

  Gaisuwa ga mutanen Haj Yusuf, na Shari Wahid da Maigoma da Shigla da Wihda, waɗanda suka koma gida da waɗanda har yanzu suke Gadarif ko Kassala ko Bur Sudan suna jiran hali. Gaisuwa ga na Omdurman da Mai Wurno, da 'yan uwa na Abeche da Anjamena, da Damagaram da Maraɗi, har Kano da Sakkwato.

Yau da tambaya zan fara. Mai sauraro, shekarunka nawa? Dakata, kada ka yi saurin amsawa. Wanda takarda ta ce nake tambaya, ko wanda mahaifiyarka ta ce? Domin a gidaje da yawa namu waɗannan biyun ba sa haɗuwa.

Abin da ya kawo zancen shi ne, jinjirin watan da muka yi ta leƙe domin azumin 2026, shi ne kuma ya buɗe wa Sinawa sabuwar shekararsu ranar 17 ga Fabrairu, 2026. Su a wurinsu an shiga shekarar doki. Ina da aboki, maƙwabcinmu ne a Haj Yusuf, ya karanta Sinanci a Jami'ar Khartum ya yi aikin tafinta kafin yaƙi. Ku da ke nesa kada ku yi mamaki, Sinawa ba baƙi ba ne a Sudan. Tun 1959 ƙasashen biyu suka ƙulla hulɗa. Likitocinsu sun fara zuwa tun 1971, su suka gina babban zauren nan na bakin kogi da ake kira Ƙa'atus Sadaƙa a 1976, kuma da hannunsu a man fetur ɗin da Sudan ta fara fitarwa a 1999. To shi abokin nan nawa ya ce mini, Basine sau da yawa ba ya ce maka shekarunka nawa. Sai ya ce, kai ɗan wace dabba ne? Kana faɗa masa, ya dubi fuskarka, shi ke nan ya san shekarunka.

Ga yadda abin yake. Suna da dabbobi goma sha biyu a jere, kowace shekara da tata. In an kai ƙarshe sai a dawo farko. Jerin kuwa shi ne: ɓera, sa, damisa, zomo, lung, maciji, doki, tunkiya, biri, zakara, kare, alade. Damisar tasu irin ta Asiya ce mai ratsi-ratsi. Lung kuwa babu wanda ya taɓa ganinsa, dodon almara ne mai jikin maciji da ƙaho da farata, kuma su suna ɗaukarsa alamar ruwan sama da sarauta. Tunkiyar wani zai ce maka akuya ce, domin kalma ɗaya ce take ɗauke da su biyun a harshensu.

In ka tambayi yaro a ƙasar Sin me ya sa ɓera ya zo farko, tatsuniya zai ba ka. Wai sarkin sama ne ya sa tsere, ya ce dabbobi goma sha biyun da suka fara haye kogi su za a raba wa shekaru. Ɓera ya san bai iya ruwa ba, sai ya lallaɓa sa ya ɗauke shi a ka. Ana dab da gaci ya yi tsalle ya dira gaba. Kun ji halin Gizo ke nan. Alade kuwa ya tsaya ci a hanya, ya yi barci, ya zo na ƙarshe. Kyanwa ba ta samu shiga ba, wai ɓera ne ya yi alkawarin tashinta bai tashe ta ba, shi ya sa har gobe take binsa. Ƙurunƙus.

Tatsuniya ke nan. Tarihin kuwa ya fi ta daɗi. Tun fiye da shekara dubu uku da suka wuce, zamanin daular Shang, Sinawa suna da alamomi kashi biyu na ƙirga kwanaki, ɗaya mai goma, ɗaya mai goma sha biyu. An same su a rubuce jikin ƙasusuwan shanu da ƙoƙon bayan kunkuru. Ana ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can a haɗa, suna tafiya tare, ba sa komawa inda suka faro sai bayan sittin. Daga baya aka ɗora wannan ƙirge a kan shekaru. Alamomin rubutu ne, sai wanda ya yi karatu. Manomi da mai tallar kifi fa? Nan dabbobi suka yi rana. Aka ba kowace alama cikin goma sha biyun dabba guda, wanda bai san baƙi ba ma ya iya riƙewa.

A 1975 masu tonon kayan tarihi suka buɗe wani kabari a Shuihudi, cikin lardin Hubei, na wani ma'aikacin hukuma da aka binne shekara 217 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Suka sami rubutu a kan tsagin gora, a ciki har da jerin dabbobin nan. Jerin bai gama zama yadda yake yau ba, misali barewa ce a gurbin doki. Sai a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa wani masani mai suna Wang Chong ya kawo su cikin littafinsa Lunheng kamar yadda aka san su yanzu. Ashe abin ya kai shekara dubu biyu a zaune.

Bai kuma tsaya ƙasar Sin ba. Mutanen Biyetnam sun ɗauka, suka sa kyanwa a gurbin zomo. Japanawa suka sa gadu a gurbin aladen gida. Turkawa da Mangol da Farisawa duk sun yi aiki da shi, har sai 1925 Iran ta cire shi daga kalandarta ta hukuma. Wani malami Musulmi, Mahmud al-Kashgari, wanda ya rubuta ƙamus na harsunan Turkawa a Bagadaza wajejen 1072 zuwa 1074, ya kawo labarin da Turkawa ke bayarwa na asalinsa. Wai wani sarkinsu ne ya so sanin shekarar da aka yi wani yaƙi kafin zamaninsa, mutanensa suka yi ta saɓani. Sai ya ce, yadda muka rikice haka na bayanmu za su rikice, a ba shekaru sunaye. Aka koro namun daji zuwa kogi, goma sha biyun da suka haye aka sa sunayensu. A nasa jerin kada ne a gurbin lung. Ku lura da dalilin da sarkin ya bayar: tsoron mantuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To yanzu ɗauko biro da takarda, ko ka buɗe lissafin wayarka. Ka raba shekarar haihuwarka gida goma sha biyu, ka duba abin da ya yi saura. In babu saura, biri ne. Saura 1 zakara, 2 kare, 3 alade, 4 ɓera, 5 sa, 6 damisa, 7 zomo, 8 lung, 9 maciji, 10 doki, 11 tunkiya. Mu gwada da 2026. Sha biyu sau 168 ya ba da 2016, saura 10. Doki ke nan, daidai. Ni an haife ni 1999. Sha biyu sau 166 ya ba da 1992, saura 7. Zomo ne ni, mai kunne, shi ya sa na ƙare a gidan rediyo.

Wanda rabawa ke ba shi ciwon kai, ga hanya mai sauƙi. Riƙe cewa 1960, shekarar da Nijar da Cadi da Najeriya suka sami 'yancin kai, shekarar ɓera ce. Haka 1972, 1984, 1996, 2008 da 2020. Sai ka buɗe tafin hannunka. Yatsu huɗu, kowane da gaɓa uku, sha biyu cif, yadda kake tasbihi bayan salla. Ɗora babban yatsa a gaɓar farko ka ce ɓera, ka yi ta tafiya shekara bayan shekara har ka iso taka.

Yanzu mu juya lissafin, mu ga yadda Basine ke gane shekarunka. Mutum ya ce maka shi biri ne, mu kuma muna shekarar doki. Ƙirga daga biri zuwa doki: zakara ɗaya, kare biyu, haka haka har doki goma. To shekarunsa ko 10, ko 22, ko 34, ko 46, ko 58, ko 70. Saura aikin ido. Wa zai kasa bambance ɗan 34 da ɗan 46? Ido yakan yi kuskuren shekara huɗu ko biyar, da wuya ya yi na goma sha biyu. Mutum yana iya manta lamba, yana iya rage ta da gangan, amma dabbar da uwarsa ta gaya masa tun yana yaro tana nan daram.

Sai dai akwai tarko guda. Shekarar Sinawa ba ta farawa 1 ga Janairu. Suna bin wata kamar mu, amma kusan duk shekara uku sukan ƙara wata guda domin kada shekara ta gudu ta bar damina. Saboda haka sabuwar shekararsu takan faɗo ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Wanda aka haifa kafin ta kama, dabbar bara ce tasa. Misali, 1956 in ka raba ba saura, biri ne. Amma ranar da aka ɗaga tutar Sudan, 1 ga Janairu, 1956, a wurinsu ana cikin shekarar tunkiya, domin biri bai shigo ba sai 12 ga Fabrairu.

Ga wani misalin da mutanen Khartum za su ji daɗinsa. A wata fadar sarakunan Sin kusa da Beijing an taɓa yin agogon ruwa da kawunan dabbobin nan na tagulla. Yini da dare a wurinsu kashi goma sha biyu ne, kowane awa biyu, kowace dabba tana feso ruwa a lokacinta, da tsakar rana su feso gaba ɗaya. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar aka ƙone ta, kawunan suka bazu duniya. Bakwai sun koma gida, biyar har yau ana cigiya. Cikin hafsoshin Ingila da ke wurin akwai wani matashi, Gordon. E, shi dai, Gordon Basha da Ansarun Mahadi suka kashe a Khartum ranar 26 ga Janairu, 1885. Raba 1860, ba saura, biri. Ranar da aka kashe shi kuwa sabuwar shekarar Sinawa ba ta kama ba tukuna, ana cikin ta 1884, ita ma biri. Zagaye biyu cif. Kada wani ya ce biri ne ya kama shi, lissafi ne ya faɗo haka.

Wannan ya kawo ni inda dole in ja birki. Sinawa da yawa ba su tsaya ga ƙirge ba. Akwai masu cewa ɗan shekarar kaza halinsa kaza ne, 'yar kaza ba ta dace da ɗan kaza a aure ba, shekarar dabbarka in ta zagayo sai ka ɗaura jan abu don tsari. Wannan duba ne, kuma abin da malamanmu suka karantar da mu a kan duba sananne ne, gaibu na Allah ne. Ko a can ma camfin ya yi ɓarna. A Japan an camfa cewa macen da aka haifa a shekarar doki mai haɗe da wuta, wadda ke zuwa sau ɗaya a shekara sittin, za ta zame wa mijinta masifa. Da ta zagayo a 1966 haihuwa ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, daga wajen miliyan 1.8 zuwa ƙasa da miliyan 1.4. 'Yan matan da aka haifa a shekarar ba su yi wa kowa laifi ba. A 2026 ma ita ce ta sake zagayowa. Mu abin da muka zo ɗauka ƙirgen ne, camfin mun bar musu kayansu.

Sa wa shekara sunan dabba ma ai ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. A wace shekara aka haifi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam? Ɗan makarantar allo zai ce maka Shekarar Giwa. Da ita Ƙuraishawa suka riƙa ƙirge, har zuwa zamanin Sayyidina Umar da aka tsayar da ƙirgen Hijira. Bambancin shi ne, giwar Makka sau ɗaya ta zo, dabbobin Sinawa kuwa zagayowa suke yi.

To ku saurari abin da ya faru a gidanmu. Daren da abokina ya koya mana lissafin nan muna zaune a tsakar gida ana shan jabana, wato gahawa irin ta Sudan, aka yi ta raba wa kowa dabbarsa ana dariya. Aka zo kan kakata, wadda ta haifi babana, habboba kamar yadda ake cewa a nan. Takardarta ta tsohuwa, wadda duk mun haddace, ta ce 1/1/1950. Abokina ya ce ai tunda 1 ga Janairu ce, dabbar 1949 za a ba ta, sa. Sai aka duba na maƙwabcinmu dattijo, 1 ga Janairu. Na matarsa, 1 ga Janairu. Na limaminmu ma haka. Abokina ya ce, kai, tsofaffin layin nan duk rana ɗaya aka haife su?

Mutanen Sudan sun san dalili. Wanda ba a yi wa rajistar haihuwa ba, takardar tasnin ake ba shi. Likita ya dube ka, ya kimanta, a rubuta shekara, rana kuwa a sa 1/1. 'Yan Nijar da Cadi kun san irinta, wadda ake rubuta an haife shi wajejen shekara kaza. 'Yan Najeriya kuma kuna da takardar rantsuwar shekaru ta kotu. Kakannin da yawa cikinmu a hanya aka haife su. Wasu zuriyar waɗanda suka biyo Sarkin Musulmi Attahiru ne, suka wuce gabas tare da ɗansa Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Wasu mahajjata ne da suka taho a ƙasa, suna noman auduga a Jazira shekara da shekaru suna tara guzuri. Wa ke ta rajista a kan jaki?

Na ce mata, "Hajiya, ke sa ce." Ta ce, "Kai maigida, raba ni da shirme. Wannan shekarar ta likita ce, haƙorana ya duba kamar zai sayi akuya." Na ce to tata shekarar fa? Ta ce ita ba ta san lamba ba. Abin da innarta ta gaya mata shi ne, an haife ta shekarar babban ruwa, kogi ya shigo gari, a kan angarib, gadon igiya, aka ɗauke mai jego zuwa tudu. Kuma ana cikin azumi, shi ya sa ake ce mata Azumi.

Jama'a, kun ji shaidu biyu. Babban ruwan da tsofaffin bakin Nilu ke ambato, wanda har yau mutanen tsibirin Tuti ke alfahari da yadda suka tare shi, na 1946 ne. Akwai wani babba a 1988, amma wannan ta riga ta yi jikoki. Kun ga aikin ido irin na Basine. Sai muka koma shaida ta biyu. Kogin Nilu yakan cika ne a watan Agusta zuwa farkon Satumba. Azumi kuwa yana ja baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, sai bayan shekara talatin da uku yake komawa inda ya bari. Muka duba kalandar Hijira a waya, azumin 1365 ya kama ne a ƙarshen Yulin 1946 ya cinye kusan duk Agusta. Na 1950 kuwa tun tsakiyar Yuni ya kama, kogi bai cika ba. Ruwa da azumi suka haɗu a shekara ɗaya, kamar yadda alamomin Sinawa guda biyu ke haɗuwa. Na ƙara tambayarta ko ta tuna ranar 'yancin kai. Ta ce sarai, da farantin talla a kanta, har ta san canji. 'Yar shekara tara ke nan, ya zauna.

Na raba 1946, saura 2. Na yi shiru. Ta ce, "Faɗi mana." Na ce, "Hajiya, sai dai ki yi haƙuri, kare ne." Ta jawo carbinta za ta make ni, ta ce, "Mijin banza, da ka bar ni a sa." Ranar mun yi dariyar da muka daɗe ba mu yi ba.

In ka tambaye ni shekarun kakata a azumin 2026, amsa huɗu gare ni. A takarda 76. A ƙirgen Bature 79, za ta cika 80 da damina in Allah ya kai mu. A ƙirgen Hijira wannan azumin ta cika 82. A tsohon ƙirgen Sinawa kuwa 81, domin su jariri da shekara ɗaya yake faɗowa, kuma kowa yana ƙara ɗaya ranar sabuwar shekara. Mutum ɗaya, lamba huɗu. Uku cikinsu gaskiya ne, kowace bisa ma'auninta. Ta takardar ce kaɗai ƙiyasi, kuma ita hukuma ta sani.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, tsohuwa ta ƙaru da shekara huɗu? A kanta kam ba komai. Amma ku tuna abin da ya same mu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, mutane nawa suka fita daga Haj Yusuf da kayan jikinsu kawai? Mu ma akwatin ƙarfen da ke ɗauke da takardun gidanmu kaf, da muka dawo ba mu same shi ba. Kuma a shekarun nan an yi ta haihuwa a hanya, a makarantun da aka mayar masauki, a sansanoni cikin Cadi da Sudan ta Kudu. Yaran nan su ne masu 1/1 na gobe. Shekara kuwa ita ake tambaya ranar sa yaro makaranta, da ranar rigakafi, da ranar da likita zai auna masa magani. Yaro ɗan sha huɗu mai tsawo, in ba shaida, sai a lissafa shi cikin manya a inda bai kamata ba. Yarinya mai girman jiki sai a ce ta isa aure alhali da saura. Ma'aikaci kuma ya bar aiki kafin lokacinsa, ko ya wuce lokacin yana ja da ƙyar.

Akwai wani labari a tarihin Sin da nake so iyayenmu mata su ji. A ƙarni na shida yaƙi ya raba arewacin ƙasar gida biyu. Wani babban mai mulki, Yuwen Hu, yana ɓangare ɗaya, mahaifiyarsa tana tsare a ɗayan, fiye da shekara talatin ba su ga juna ba. A shekara ta 564 wasiƙa ta iso masa da sunanta. Ta yaya zai gaskata ita ce? Cikin abubuwan da ta lissafa masa har da garin da ta haife su, da cewa babban wansa ɗan shekarar ɓera ne, mai bi masa zomo, shi kuma maciji. A shekarar aka mayar masa da ita. Ba ta riƙe takarda ko ɗaya ba, abin da ke kanta ne ya yi mata shaida.

Mu ma muna da irin wannan rajista ta ka, ba mu dai ɗauke ta da daraja ba ne. Dubi sunayenmu. Ɗanladi da Ladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe, duk ranar haihuwa suke faɗa. Azumi da Sallau da Alhaji na yaro suna faɗin wata. Anaruwa da Marka da Nomau da Ciwake suna faɗin lokacin shekara. Tanko da Kande da Gambo suna faɗin wanda aka bi. Sannan ga shekaru masu suna. A ƙasar Hausa akwai yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da shekarar da aka kashe Sardauna, 1966, da canjin hannu a 1972, da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, da rasuwar Murtala a 1976. A Sudan akwai ruwan 46, da korar Abbud a Oktoban 1964, da zuwan Numeiri a Mayun 1969, da farin 1984 da dawar agaji da aka laƙaba wa sunan Reagan, da ruwan 88, da rabuwar Kudu a Yulin 2011. Inda Sinawa suka fi mu shi ne, nasu jeri ne da kowa ya haddace, yaro da babba, birni da ƙauye. Namu kuwa kowane gari da nasa, kuma yana cikin kan tsofaffi. Duk tsohuwar da aka kai makwanci, da rajistar gida guda ake binne ta. Tsoron da sarkin Turkawan nan ya ji ke nan.

Saboda haka ga aikin gida, kuma azumi ya kawo mana sauƙi tunda ana taruwa shan ruwa. Ka zauna da mafi tsufa a gidanku. Kada ka ce masa shekarunka nawa, zai ce maka Allah ya sani. Tambaye shi me aka yi a shekarar da aka haife shi. Damina ce ko rani ko ɗari? Azumi ne, ko tsakanin salloli, ko bayan Layya? Wa ke sarauta? Su wa aka yi goyonsu tare, su wa aka yi musu kaciya ko aure tare? Cikin sa'o'in nasa akwai mai takardar asibiti ta gaskiya? Shekara nawa tsakaninsa da wansa, da ƙaninsa? Shaida ɗaya ba ta isa ba, nemi biyu su haɗu, uku ta fi. In ka samu ka rubuta, ka ɗauki hoton rubutun, ka tura wa 'yan uwa uku a garuruwa daban-daban. Mun dai ga abin da ke samun akwati guda.

Ke kuma uwa da kika haihu a gudun nan, ko da babu asibiti kusa, ki sa a rubuta miki rana da wata da shekara da sunan wurin, ko a bangon littafi ne. In hanyar rajista ta samu, ki yi ta da wuri. Kafin nan ki riƙa gaya wa yaron, kamar yadda innar kakata ta gaya mata, har ya haddace: an haife ka wuri kaza, wata kaza, shekara ta biyu da fitowarmu. Kalma biyu ce, babu mai ƙwace masa ita a shingen hanya.

Kakata dai ta ce in gaya muku ita ba kare ba ce, 'yar shekarar babban ruwa ce, kuma duk wanda ya kira ta da wancan sunan ita da shi ne. Na isar da saƙo. Ku aiko mana da sunayen shekarun da ake ƙirge da su a garuruwanku, da abin da ya faru a cikinsu, mu tara su mu karanto a shiri na gaba, ko ma samu jerin da jikokinmu za su haddace. Allah ya karɓi ibadunmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu.